Wankin haƙori mai zurfi: me ake yi a ƙarƙashin dasashi, kuma yaushe magani yake ƙarewa?

Tsawon wane lokaci ake ɗauka ana maganin ciwon dasashi, kuma me ya sa likitan haƙori zai leƙa bakin mutum ya ce wankin da aka saba yi ba zai wadatar ba, sai an shiga ƙarƙashin dasashi? Tambaya ce da ke yawan tasowa, amsoshin da ake ji kuma sun sha bamban har suna ruɗa mai ciwon. Wani ya ce sa'a ɗaya aka yi masa aka gama. Wani ya ce sau huɗu ya koma. Wani ya ce yau shekara uku yana zirga-zirga ba a sallame shi ba. Ga kuma masu jan kunne a gefe, waɗanda za su rantse maka cewa tun da aka wanke wa wani nasu haƙora suka fara girgiɗi, kafa ta buɗe a tsakaninsu.

Kowannensu abin da ya gani yake faɗa, sai dai ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Aikin da ake yi a kan kujerar likita na 'yan sa'o'i ne. Warkewar naman tana cin makonni. Kula da abin da aka samu kuwa ba a sa masa ranar ƙarewa. Wanda ba a yi wa wannan bayani tun farko ba shi ne yake ɓacewa da zarar jini ya tsaya, sai bayan shekara biyu ya dawo da haƙori a hannu yana cewa wanki ne ya cuce shi.

Daga jini a buroshi zuwa zaizayar ƙashi

Saiwar haƙori tana zaune a cikin ƙashin muƙamuƙi, wasu siraran zaruruwa suna ɗaure ta da ƙashin, dasashi ya lulluɓe su duka. A wuyan haƙori, inda dasashi ya rungume shi, akwai wani ɗan kwari da zurfinsa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba a bakin mai lafiya. A wannan ɗan wuri ne duk labarin yake faruwa.

Sa'o'i kaɗan bayan an goge baki, wata dauɗa mai yauƙi takan fara taruwa a wuyan haƙori. Taron ƙwayoyin cuta ne da suka manne da juna suka manne da haƙorin. Idan aka bar ta kwanaki, ma'adanan da ke cikin yawu sai su daskarar da ita ta zama ɓawo mai tauri, ruwan ɗorawa a sama, baƙi-baƙi a ƙarƙashin dasashi. Daga nan buroshi ba ya iya fitar da shi komai ƙarfin gurzawa, kuma kaushinsa yana ba sabuwar dauɗa wurin kamawa.

Matakin farko na ciwon shi ne kumburin dasashi kawai. Ya yi ja, ya yi taushi, da an taɓa sai jini. A 1965 wani likita mai suna Harald Löe ya yi gwaji a ƙasar Denmak: ya sa mutane masu lafiyayyen dasashi su daina goge baki gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kimanin mako guda kumburin ya tafi. Wannan matakin yana warkewa sarai, ba ya barin tabo, kuma ba ya bukatar wanki mai zurfi.

Mataki na biyu shi ne mai ɓarna. Jiki yana ta yaƙi da ƙwayoyin cutar, a cikin yaƙin kuma yana narkar da zaruruwan da ke riƙe da saiwa, yana cinye ƙashin da ke kewaye da ita. Ɗan kwarin nan sai ya zama rami, ramin ya ƙara zurfi, ƙwayoyin cutar da ba sa son iska su samu mafaka inda buroshi ba ya kaiwa. Abin takaicin shi ne yawanci babu zafi. Mutum zai iya rasa rabin ƙashin da ke riƙe da haƙorinsa bai taɓa kwana da ciwo ba.

Ba kowa ne kumburi ke kai shi ga wannan mataki ba. Löe ɗin nan ya sake bin wasu ma'aikatan gonakin shayi a Siri Lanka tsawon shekara 15, mutanen da ba sa ganin likitan haƙori, ya wallafa sakamakon a 1986. Kimanin kashi 8 cikin ɗari ciwon ya ci su da sauri, kashi 81 ya ci su a hankali, kashi 11 kuwa bai wuce kumburi ba. Dauɗa iri ɗaya, amma jiki ya bambanta. Shi ya sa bai kamata a auna ciwon wani da na maƙwabcinsa ba, balle a auna tsawon maganinsu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa matsanancin ciwon dasashi yana damun kusan kashi 19 cikin ɗari na manya a duniya, sama da mutum biliyan 1.

Da awo ake sanin wanda yake bukata

Ba da ido ake yanke hukuncin wanki mai zurfi ba. Likita yana da wani siririn ƙarfe mara kaifi mai alamun milimita a jikinsa. Yakan zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, wuri shida a kowane haƙori, uku ta waje uku ta ciki. Kana kwance baki buɗe za ka ji yana kiran lambobi, mataimakinsa yana rubutawa: uku, biyu, uku, biyar da jini, shida. Waɗannan lambobin su ne taswirar bakinka. Uku zuwa ƙasa lafiya ce. Huɗu ko biyar, musamman idan jini ya biyo ƙarfen, rami ne da ke bukatar aiki. Shida zuwa sama rami ne mai zurfi. Sai a haɗa da hoton ƙashi don a ga iya abin da ya zaizaye, a duba ko haƙori yana motsi, a duba ko ciwon ya shiga tsakanin saiwoyin turame, wato manyan haƙoran tauna na baya.

A taron da ƙungiyoyin likitocin dasashi na Amurka da na Turai suka yi a Shikago a 2017, an amince a riƙa raba ciwon mataki huɗu gwargwadon ɓarnar da ya riga ya yi, da kuma aji uku gwargwadon saurin da yake ci. Amfanin wannan ga mai ciwo shi ne yana da ikon tambaya: “Likita, a wane mataki nake, kuma ramuka nawa ne suka wuce milimita huɗu?” Duk wanda aka ce masa yana bukatar wanki mai zurfi alhali ba a auna shi ba, ba a ɗauki hoto ba, ya dace ya tsaya ya nemi a auna tukuna. Kankare saiwa a wurin da babu rami ba ya ƙara komai, yana ma iya sa dasashi ya ja baya.

Abin da ake yi a kan kujera

Wankin da aka saba yana tsayawa a abin da ido ke gani da ɗan abin da ke bakin dasashi. Mai zurfi yana bin saiwa har ƙasan ramin. Saboda haka yawanci akan yi allurar kashe zafi a wurin, mutum yana farke amma ɓangaren bakin ya mutu. Kayan aikin iri biyu ne: na'ura mai tsinin baki da ke girgiza da sauri tana fesa ruwa, tana farfasa ɓawon tana wanke ramin, da kuma ƙananan ƙarafan hannu masu lanƙwasa da ake bi da su lungu-lungu. Bincike bai nuna ɗaya ya fi ɗaya ba, likitoci da yawa ma haɗa su suke yi.

A da ana ganin sai an kankare fatar saiwar sosai har ta yi sumul, bisa zaton dafin ƙwayoyin cutar ya ratsa cikinta. Daga baya aka gane dafin a sama-sama yake, don haka yanzu an rage ƙarfin hannu. Manufa ita ce a tarwatsa dauɗar, a cire ɓawon, a bar saiwa da tsabtar da nama zai iya komawa ya manne mata.

Akwai abin da ya kamata likita ya sani kafin ya fara: mai shan maganin tsinka jini, mai bawul ɗin zuciya na roba ko wanda ya taɓa ciwon ƙwayoyin cuta a cikin zuciya, da mace mai ciki. Babu ɗaya daga ciki da ke haramta aikin, shiri kawai yake sauyawa. Kada wanda ke shan maganin tsinka jini ya dakatar da shi da kansa don zai je wanki.

To, lokaci nawa?

Ka'idojin da tarayyar likitocin dasashi ta Turai ta fitar a 2020 sun tsara maganin hawa-hawa, kuma bin su shi ne hanya mafi sauƙi ta gane inda lokacin yake tafiya.

Hawan farko bai ma shiga ƙarƙashin dasashi ba. Ana wanke sama, a koya wa mutum yadda zai goge wuyan haƙori da tsakanin haƙora, a yi maganar taba da ciwon suga. Mutane suna raina wannan hawan, suna ganin ɓata lokaci ne, alhali shi ne yake yanke hukuncin ko sauran aikin zai yi amfani. Ramin da aka wanke yau, idan ba a tsare bakinsa daga sabuwar dauɗa ba, cikin makonni ƙwayoyin cutar za su sake cika shi.

Hawa na biyu shi ne wankin mai zurfi kansa. An saba raba baki kashi huɗu: sama dama, sama hagu, ƙasa dama, ƙasa hagu. Kowane kashi yakan ci kusan minti 45 zuwa sa'a ɗaya, gwargwadon yawan haƙora da zurfin ramuka da taurin ɓawo. Wasu likitocin suna yin kashi ɗaya a kowane zama, mako ɗaya ko biyu tsakani, a gama cikin wata guda ko ɗan fiye. Wasu suna yin rabin baki a zama ɗaya, a gama a zama biyu. Dalilin rabawar a fili yake: ba a son a kashe dukan baki da allura lokaci guda, muƙamuƙi yana gajiya, kuma gara mutum ya samu gefen da zai tauna da shi. A 1995 masu bincike a jami'ar Leuven ta Beljiyam suka kawo shawarar a gama dukan baki cikin sa'a 24, don kada ramukan da ba a taɓa ba su sake shafa wa waɗanda aka wanke. Tunanin yana da ma'ana, amma da aka tattara gwaje-gwajen da suka biyo baya ba a ga wani bambanci mai girma ba. Saboda haka duka hanyoyin biyu karɓaɓɓu ne, zaɓin ya danganta da juriyar mutum da lafiyarsa da lokacinsa.

Sai jira. Ɗan ciwo da jini suna lafawa cikin kwana biyu zuwa mako guda. Fatar dasashi tana sake mannewa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Naman ciki kuwa yana bukatar mako 4 zuwa 8 kafin ya yi ƙwari, a ramuka masu zurfi ma gyaran yana ci gaba har watanni. Wannan ne ya sa ba a sake zura ƙarfen awo kafin kimanin mako 6 zuwa 8, wasu likitocin ma sukan bari sai wata uku. Auna wurin da wuri yana iya yaga abin da ya fara haɗuwa, ya kuma ba da lambar da ba ta gaskiya ba.

Ranar sake awo ita ce ranar da ake sanin ko aikin ya ci. Abin da ake nema shi ne kada a samu ramin da ya wuce milimita 4 yana jini, kada kuma a samu mai milimita 6 ko fiye. Nazarin da aka gina ka'idojin Turai a kansa ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na ramuka suna rufewa da wannan wanki kaɗai. Sauran kashi ɗayan yawanci a turame yake, inda saiwa ta rabu biyu ko uku, ko a ramuka masu zurfin da ƙarfe ba ya kaiwa ƙasansu a makance. Su ne ake kai wa hawa na uku: ko a sake wanke su, ko a yi ƙaramar tiyata a ɗaga dasashi a ga saiwar ƙuru-ƙuru a wanke ta, a wasu wuraren a sa abin da zai taimaka ƙashi ya ɗan sake tsirowa.

Idan aka haɗa lissafi, mai ciwo matsakaici zai iya gama wannan zagaye cikin wata biyu zuwa uku daga ranar farko zuwa ranar sake awo. Mai bukatar tiyata zai iya kai wata shida zuwa shekara.

Kafar da ke buɗewa da haƙorin da ke motsi

A nan ne zargi ya fi yawa, kuma ba na ganin laifin masu yinsa, domin abin da harshensu ya gaya musu gaskiya ne. Bayan wanki, mutum ya kai harshe bayan haƙoran gaba na ƙasa, inda da yake jin bango guda sumul, sai ya ji kowane haƙori daban, iska tana wucewa tsakaninsu. Ya duba madubi ya ga haƙoran sun ƙara tsawo, ga wasu 'yan baƙaƙen kusurwoyi a gindinsu. Ya sha ruwan sanyi ya ji zugi har ƙwaƙwalwa. Wa zai gaya masa ba a ɓata masa baki ba?

Amma wurin da ya buɗe ɗin, ciwon ne ya riga ya cinye shi tun da daɗewa. Ɓawo da kumburarren nama ne suka cike gurbin suka ɓoye ɓarnar. Kamar turke ne da ruwa ya zaizaye ƙasar gindinsa, busasshen taɓo ya riƙe shi: ka ɓamɓare taɓon sai ka ga turken yana lilo, amma ba kai ka kwashe ƙasar ba, kuma da ka bar taɓon da zaizayar ta ci gaba a ƙarƙashinsa. Da kumburi ya sauka, dasashi yana tsukewa ya koma daidai inda ƙashi ya tsaya. Motsin da ake ji a makonnin farko sau da yawa yana raguwa idan nama ya yi ƙwari. Zugin sanyi shi ma yakan lafa cikin makonni, man goge baki na masu zugin haƙori yana taimakawa.

Abin da ba zai dawo ba shi ne ƙashin da ya tafi, sai a 'yan wurare ƙalilan da siffar ramin ta ba da damar tiyatar tsiro. Likitan kirki yana faɗa wa mutum wannan kafin ya ɗauki ƙarfe, ba bayan mutum ya ga madubi ba.

Inda masana ba su gama daidaitawa ba

Akwai masu cewa amfanin wankin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Suna kafa hujja da nazarin da Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta fitar a 2015, wanda ya nuna matsakaicin ƙarin mannewar nama da saiwa kusan rabin milimita ne kawai. Lambar gaskiya ce, amma matsakaici ne da ya haɗa ƙananan ramuka da manya, kuma manyan sun fi samun sauyi. Sannan babban abin da ake nema shi ne a tsayar da ɓarna. Ita kanta ƙungiyar shawarar da ta bayar ita ce a fara magani da wannan wankin.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha shi ma ana jayayya a kansa. Yana ɗan ƙara sakamako, amma ka'idojin Turai sun hana a riƙa ba kowa, saboda illarsa ga jiki da kuma matsalar ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani. An ware shi ga wasu kaɗan, kamar matashin da ciwon ya ci masa baki da sauri. Shan sa ba tare da wanki ba kuwa asara ce, domin dauɗar da ta manne tana kare ƙwayoyin da ke cikinta. Ruwan kurkure baki mai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ake kira kulohezidin yana da amfani na ɗan lokaci, amma idan aka daɗe a kansa yana rina haƙora, yana sauya ɗanɗano. Na'urar leza da ake tallatawa, hujjar da ake da ita ba ta nuna ta fi wankin da aka saba ba.

Taba da suga suna tsawaita komai

Mai shan sigari yana cikin haɗari biyu. Taba tana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, sai dasashi ya ƙi yin jini ko da ciwon yana ci, mutum ya ɗauka lafiya lau yake. Bayan wanki kuma ramukansa ba sa rufewa kamar na wanda ba ya sha. A tsarin 2017, shan kara 10 ko fiye a rana yana jefa mutum ajin da ciwon ya fi sauri. Haka ma mai ciwon suga da gwajin jininsa mai nuna matsakaicin suga na wata uku ya kai kashi 7 ko fiye.

Tsakanin suga da dasashi abin yana tafiya ta hanya biyu. Suga mai yawa yana hana nama warkewa, kumburin dasashi kuma yana wahalar da saita suga. Wani babban nazari na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, a 2022 ya gano cewa maganin dasashi yana rage wannan gwaji da kusan ɗigo 0.4 bayan wata uku zuwa huɗu. Ga mai fama da suga wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bayan an ce an gama

Hawa na huɗu shi ne kulawa ta dindindin. Wanda ya taɓa rasa ƙashi yana nan a matsayin mai ciwon da aka shawo kansa, kuma ciwon yana iya farfaɗowa. Ana sa masa ranar dawowa tsakanin wata 3 zuwa 12, yawanci ana farawa da wata uku-uku. A kowace ziyara ana auna wuraren da ake shakka, a wanke inda jini ya dawo, a duba yadda yake gogewa. A gida kuwa gogewa sau biyu a rana ce, da tsabtace tsakanin haƙora kullum. Ga wanda kafa ta buɗe masa, ɗan siririn buroshin da ke shiga tsakanin haƙora ya fi zaren sakace haƙori aiki, kuma likita ne zai zaɓa masa girman da ya dace da kowace kafa.

Ko wannan zirga-zirgar tana biya? A 1978 likitoci biyu, Hirschfeld da Wasserman, sun wallafa bayanin mutum 600 da aka yi wa magani aka ci gaba da duba su tsawon shekara 22 a matsakaici. Kashi 83 cikin ɗari ba su rasa fiye da haƙori uku ba a duk tsawon lokacin, duk da cewa da yawansu da ciwo mai tsanani suka fara. Kimanin kashi 4 kuwa sun rasa haƙora goma ko fiye duk da kulawar, kuma turame masu rababbiyar saiwa su ne suka fi faɗuwa. Saboda irin waɗannan ne ba a ba kowa tazara ɗaya: wanda awonsa ya tsaya cak shekara da shekaru ana iya tsawaita masa zuwa wata shida ko fiye, mai shan taba, mai suga, da wanda ramukansa ke sake jini ana riƙe su a wata uku. Wanda ya ga mugunya, ko kumburi mai zafi, ko haƙori ya sauya wurin zama, ba sai ya jira ranar da aka rubuta masa ba.